Inna Ce Ta Sha

Malam Jafaru tela yana da wani hali wanda shi kansa ba ya musunsa: bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Shekara da shekaru yana zaune a kan keke a wani ɗan shago cikin tsohon garin Daura, masu kaya suna leƙowa suna tambayar ɗinkinsu, har bakin ya koyi aikinsa shi kaɗai. Kafin mutum ya gama sallama an ce masa maɓalli ne kawai ya rage. Yadin kuwa yana nan ƙarƙashin tebur, ko alli bai taɓa shi ba. Jafaru ba ya kiran wannan ƙarya. Ya ce sallamar mutum ce cikin daɗin rai, kuma in da ana samun lada da ita, da tuni ya wuce limamin unguwarsu.

Matarsa Haulatu ta san halin, ta daina biye masa tun suna da sauran ƙuruciya. Sun daɗe tare babu ɗa. Ciki yakan shiga, ya yi 'yan watanni, ya zube, ta wanke zannuwa ta shanya, a ci gaba da zama. Furfura ta riga ta cinye wa Jafaru rabin gemu sa'ad da wani cikin ya shiga ya zauna daram.

Wannan karon ya ce ba gida, ba ungozoma, ba kuma layin asibitin gwamnati. Ya kai ta wani asibitin kuɗi a hanyar Sandamu, na wani mutum da ake kira Dakta Dabo. Dabo ya daɗe yana aiki a asibitocin gwamnati kafin ya yi ritaya ya buɗe nasa. Yana da mota, yana da fara'a, yana da farar riga. Babu wanda ya taɓa tambayarsa wane irin karatu ya yi. Jafaru ma bai tambaya ba, ko da yake shi ne ya ɗinka farar rigar.

Naƙuda ta tashi ranar Juma'a da safe. Jafaru ya zauna a benci a baranda yana jan carbi, rana tana hawa. Da aka yi kiran sallar Juma'a na farko, Dabo ya fito ya dubi agogo, ya koma ciki ya rufe ƙofa. Can sai Jafaru ya ji ihu guda ɗaya. Haulatu ce, wadda duk ɓarin da ta yi ko maƙwabta ba su taɓa jin nishinta ba. Sai shiru. Sai wani ɗan kuka siriri kamar na mage.

Dabo ya fito yana goge hannu.

"Namiji ne, Malam Jafaru. Ya ɗan yi mana gardama, muka taimaka masa. Taso mu tafi, za mu rasa huɗuba."

A motar Dabo suka tafi masallaci. A sahu ɗaya suka yi salla, kafaɗa da kafaɗa. A sujadar ƙarshe Jafaru ya roƙa wa Dabo gidan Aljanna, har da hawaye.

Abin da ya faru a ɗakin, sai bayan an dawo gida ya ji. Haulatu ta faɗa masa tana kwance, fuskarta tana duban bango. Ta ce wata nas da ke ɗakin ta roƙi Dabo a kai ta babban asibiti, ya ce babu lokaci, huɗuba za ta wuce shi. Ya ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu kamar manyan cokula, ya sa, ya kama kan yaron da shi. Ya dogara ƙafarsa da gadon ya ja. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale. Sai ya ajiye ƙarfen, ya riƙe kan da hannu biyu, ya lanƙwasa shi gefe guda ya fizga.

"Na ji wani abu ya ce ɗas," in ji ta. "Ban sani ba ko a jikina ne ko a nasa."

"To, tunda dai Allah ya raba lafiya..."

Ta juyo ta dube shi. Jaririn yana kwance tsakaninsu yana wutsil-wutsil da ƙafafu biyu da hannun hagu. Na dama yana shimfiɗe a gefensa, tafin ya juya baya, kamar hannun mai jiran a sa masa goro a ɓoye. Dabo ya ce gajiyar haihuwa ce, zai tashi.

Ranar suna aka cika. 'Yan'uwan Haulatu suka zo daga Mashi, mahaifinta a gaba. Aka yanka rago, aka raɗa wa yaro Yahya, amma kafin a gama rabon goro unguwa ta riga ta sa masa Ɗantsoho, saboda gemun ubansa. Jafaru ya yi dariya tare da kowa. Ya ce gara da yaron ya zo yanzu, in ya ƙara jinkiri da jika za a ce.

Maijidda, yayar Jafaru, ta miƙo jaririn zaure don aski. Wanzamin shi ne Kalilu, abokin Jafaru tun makarantar allo. Ya buɗe zabira, ya wasa aska, ya jiƙa kan. Da ya zuge gashin gefe ɗaya sai ya tsaya. Ya juya kan ya duba ɗaya gefen. Shati biyu ne, baƙi ƙirin, ɗaya a kowane gefe, sama da kunne. Ya ɗaga hannun dama na jaririn ya saki, ya faɗi yaraf.

"Jafaru, me ya sami yaron nan? Wannan shatin fa? Ga hannu kuma babu rai."

Ga liman, ga mai unguwa, ga suruki yana tauna goro a hankali. Jafaru ya ga tsawon amsar. In zai faɗi gaskiya, sai ya ce namiji ne ya karɓi haihuwar. Sai ya ce ƙarfe aka sa, a tambaye shi a ina, a gaban uban da ya haifi Haulatu. Gobe a wajen mai shayi a riƙa auna abin da Dabo ya gani na matar tela. Hankalinsa yana cikin wannan lissafi, bakin ya riga ya sallami jama'a.

"Inna ce ta sha."

Inna dai ita ce aljanar da tun kaka da kakanni ake cewa tana shanye wa yara hannu ko ƙafa, da sunanta ake kiran cutar shan inna. Kowa a zauren ya san ta, babu mai neman ƙarin bayani a kanta. Liman ya yi a'uziyya, ya ce a daina ambaton aljanu yanzu da Shari'a ta dawo, a ce cuta ce daga Allah. Aka ce haka ne. Aka yi addu'a. Suruki ya ce Allah ya sa kaffara ce. Kalilu ya daɗe yana duban Jafaru, sa'an nan ya sunkuya ya ƙarasa askin, yana kewaye shatin da bakin aska.

Jafaru ya sha yin maganar da ta mutu kafin la'asar. Wannan ba ta mutu ba. Ta shiga cikin gida tare da ƙwaryar goro, ta fita tare da 'yan suna. Maijidda ta fara kai sadakar nono gindin wata tsamiya a ɓoye, tana turara yaron da saiwoyi har idonsa ya yi ja. Masu ɗigon rigakafi suka ji labari suka zo, suka duba, suka ce wannan bai yi kama da tasu cutar ba, amma ba wanda ya tsaya jin ƙarshen maganarsu. Masu son rigakafin suna nuna gidan suna cewa ga sakamakon ƙi. Masu ƙinsa suna nuna gidan suna cewa ga sakamakon zuwa asibiti. Da yake akwai wani Ɗantsoho a unguwar, ɗan mahauci, sai aka riƙa bambantawa: wancan na mahauta, wannan Na'inna.

Haulatu tana cikin wankan jego maganar ta iske ta a bakin mata masu barka. Ba ta yi faɗa ba. Da ya shigo sai ta ce, "Malam, ashe kai ma kana ɗakin? Ashe ka ga Inna da ta shigo?"

"Sutura na yi miki, Haulatu."

"Na gode. Shi kuma yaron nan me ka yi masa?"

Ya juya ya koma shago.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, hannu bai tashi ba. Yaro ya fara zama, ya fara jan ciki da gwiwar hannu ɗaya yana zagaye wuri guda kamar akuya a turke. Wata safiya Haulatu ta goya shi ta sa mayafi, ta ce Katsina za ta. Jafaru ya rufe shago ya bi ta, don kada a ce mace ta tafi ita kaɗai.

Likitar da ta gan su mace ce, mai ƙaramin jiki da gajiya a ido. Ta murza 'yan yatsun yaron, ta lanƙwasa gwiwar, ta ɗaga ta saki.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka haife shi," in ji Haulatu.

"An ce dai kamar shan inna," in ji Jafaru.

"Wa ya ce?"

Jafaru ya dubi silin. Likitar ta ce shan inna ba ya biyo yaro daga ciki. Ta taɓa wuyan yaron, ta bi da yatsa har kafaɗa. Ta ce akwai jijiyoyi da suke saukowa daga nan su ba hannu rai, su ne aka ja wajen haihuwa har suka tsinke. Da an zo da wuri da an fara gasa masa hannun ana motsa shi tun yana jariri. Yanzu sai tiyata, a babban asibitin koyarwa, a yi ɗori a jijiyar. Kuma aikin yana da lokaci. Yaro yana ƙarami ake yinsa. In ya wuce, naman hannun ya riga ya mance aikinsa, ko an ɗora jijiya babu wanda za ta tasa.

Ta faɗi abin da aikin zai ci. Jafaru ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Shi kaɗai ya yi dariyar.

Ya fara da zuwa wurin Dabo, da girma da arziki. Dabo ya ba shi kujera, ya aika a sayo lemo, ya saurare shi har ƙarshe.

"Malam Jafaru, ni na ceci rai biyu ranar nan, kai shaida ne. Ban da haka, ai na ji an ce shan inna ne. Daga bakinka ma aka ce an ji."

Ya ba shi kwalbar maganin ƙarin jini kyauta, ya raka shi har bakin titi, ya tambaye shi ko zai samu ya ɗinka masa wata farar rigar, waccan ta fara tsufa.

A lokacin ba a daɗe da kafa kotunan Shari'a ba, kowane mai shan shayi ya zama mufti. A nan Jafaru ya ji cewa mai magani in ya yi ganganci ya ɓata gaɓa, akwai diyya a kansa, kuma diyyar hannu ɗaya rabin ta rai ce. Shi ba rabin rai yake so ba. Tiyata yake so, kafin lokacin ya wuce. Ya sayar da keken surfani, ya bar na ɗinki, ya shigar da ƙara a madadin ɗansa.

Ya ɗauka ya san jinkiri, tunda da shi yake ci. Kotu ta nuna masa shi ɗan koyo ne. Dabo ya ɗauko lauya daga Katsina, lauyan ya ce kotun ba ta da hurumin sauraron maganar asibiti. Aka tafi babbar kotu a tambayo, aka dawo. Alƙali ya tafi aikin hajji. Ya dawo aka yi masa canjin wurin aiki. Sabon alƙali ya ce a faro daga farko. Ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki. Nas ɗin da ke ɗakin ranar haihuwa ta yi aure a Damagaram, sammaci kuwa ba ya tsallake iyaka. Duk ranar da aka ɗaga shari'a, magatakardan kotu yakan ce masa, "Saura kaɗan, Malam." Jafaru ya gane muryar. Maɓalli ne kawai ya rage.

Yaro kuwa bai jira kotu ba. Ya miƙe, ya yi tafiya, ya yi baki. Da hagu yake ci, da hagu yake jifa, da hagu yake riƙe gefen zanen uwarsa. Duk salla Jafaru yakan auna shi ya ɗinka masa kaftani, tef yana gaya masa abin da ido ya riga ya gani, cewa na dama yana baya. Shi dai yakan yanka hannuwan rigar daidai wa daida. Na daman sai ya rufe 'yan yatsun gaba ɗaya, yana reto.

Shaidar da ta rage masa mai ƙarfi ita ce Kalilu, wanda ya ga shatin ƙarfe da idonsa. Ana gab da zaman da za a saurare shi, Jafaru ya je aski, ko da yake kan bai taru ba.

"Gobe in an kira ka, shatin nan za ka faɗa."

"Shi zan faɗa. Sunkuya."

"Da hannun da ka ɗaga ya faɗi."

"Da shi."

"Sauran hirar zaure kuwa, ai ba ta shafi kotu ba."

Askar ta tsaya a ƙeyarsa.

"Wace hira, ɗan tela?"

"Ka sani, Kalilu. Kada ka wahalar da ni."

"In ba a tambaye ni ba, ba zan kai kaina ba. In an tambaya, ka san dai ni ba ɗinki nake yi ba. Kan da na ce na aske, to, na aske shi."

"Shekara nawa muna tare?"

"Tun kana satar mini gawayin tawada. Mutum nawa ne a zauren nan, Jafaru? Liman yana nan da ransa. In na ɓoye, a kira shi, shatin ma da na gani ya zama ƙarya. Daina motsi, kada in ƙara wa kotu wata ƙarar."

Ranar zaman ɗakin kotu ya cika har taga. An ji labarin tela ya kai likita ƙara, kuma an ji matar za ta yi magana. Likitar Katsina ta zo da kanta. Ta faɗi abin da ta gani, ta ce ba shan inna ba ne, jijiya ce ta tsinke wajen haihuwa. Lauyan Dabo ya miƙe a hankali, ya tambaye ta ko irin wannan rauni yana iya faruwa ko da mai karɓar haihuwa bai yi kuskure ba. Ta ce yana iya faruwa, wani lokaci. Ya tambaye ta ko tana ɗakin. Ta ce ba ta nan. Ya gode mata.

Sai alƙali ya ce a ji daga uwar yaro. Haulatu ta tashi da mayafi har goshi, Ɗantsoho yana maƙale da ƙafarta. Ta faɗi duka. Yadda aka kwantar da ita, da inda aka sa ƙarfen, da ƙafar da aka dogara a gado, da maganar huɗuba. Lauya ya yi ta mayar da ita baya, yana neman ta nuna daidai yadda take kwance, da wanda ya riƙe mata gwiwa. Mazan da ke taga suna ture juna. Mahaifinta, wanda ya zo daga Mashi, ya sa hula a fuska. Jafaru yana zaune yana sauraron duk abin da ya ɓoye wa zaure guda ana karanta wa rabin gari. Da ta gama, alƙali ya ce kotu ta ji, kuma ta tausaya, amma maganar uwa ba ta zama shaida ga ɗanta.

Aka kira Kalilu. Ya faɗi shati biyu, ya nuna a kansa inda suke. Ya ce ya aske jarirai ba iyaka, bai taɓa ganin irinsu ba. Ya faɗi hannun. Jafaru ya fara sa rai.

"Da ka ga haka, ka tambayi uban yaron?" in ji lauya.

"Na tambaya."

"Me ya ce?"

Kalilu ya dubi ƙasa. "Ya ce Inna ce ta sha."

"A gaban wa?"

"A gaban kowa."

Alƙali ya juyo. "Malam Jafaru, ka faɗi haka?"

"Allah ya gafarta malam, na faɗa."

"A lokacin matarka ta riga ta gaya maka abin da ta gaya mana yau?"

"Ta gaya mini."

"To, me ya sa?"

Karo na farko a rayuwarsa bakin ya tsaya ya jira shi. Ya ji kansa yana magana a hankali, kamar mai zare ɗinkin da ya karkace.

"Kunya na ji, Allah ya gafarta malam. Surukina yana zaune. Babu wata Inna. Ƙarfe ne, da hannun mutum. Ni na kai ta wurin, ni na bi shi masallaci, ni kuma na rufa masa asiri ranar suna. Na ce matata nake rufa wa."

Lauya ya juyo wajensa. Sa'an nan ya ce, "Ya mai shari'a, tambaya ɗaya. Malam, ranar suna ka yi ƙarya, ko yau?"

"Ranar suna."

"Mece ce sana'arka?"

"Tela ne ni."

Dariya ta fashe daga taga ta shigo ciki, har ɗan sandan kotu sai da ya juya baya. Jafaru ya ga dacewar abin. In da wani ne a tsaye, da shi ma ya dara.

Alƙali bai yi dariya ba. Ya ce shi a zuciyarsa ya san abin da yake zato, amma ba da zato ake hukunci ba. Likita ta ce raunin yana iya zuwa babu ganganci. Wanzami ya ga shati, bai ga lokacin da aka ja yaron ba. Nas ɗin da ta gani ba ta ƙasar. Mai ƙara kuma da bakinsa ya taɓa jingina abin ga wani dalili daban, a gaban jama'a, yana sane. Tunda shaida ba ta cika ba, saura rantsuwa a kan wanda ake ƙara.

Dabo ya fita ya yi alwala. Ya dawo da ruwa a gemu, ya rantse cewa ya yi iyakar saninsa, bai yi ganganci ba. Jafaru ya dube shi da kyau yana neman alamar maƙaryaci, abin da ya ɗauka ya ƙware a kai, bai samu ba. Mutumin ya yarda da abin da yake faɗa.

Aka kori ƙara. Alƙali ya ce dukansu Musulmi ne, 'yan gari ɗaya, a yi musabaha kafin a fita. Jafaru ya miƙa hannu, Dabo ya riƙe da nasa biyu. Sa'an nan Dabo ya tsuguna gaban yaron da fara'arsa ta kullum.

"Ɗantsoho, ba ka san ni ba ko? Zo mu gaisa."

Yaron ya saki zanen uwarsa ya miƙa hagu.

"Kai, da dama!"

Jafaru ne. Kalmar ta fita kafin ya san ta taso, irin wadda kowane uba yake jefa wa kowane yaro a gaban manya. Ɗantsoho ya ɗaga kai ya dubi ubansa. Yaro ne mai jin magana. Ya sa hagu ya kamo hannun rigar da ke reto, ya ɗago abin da ke ciki, ya ɗora a tafin Dabo.

Ba su hau babur ba, da ƙafa suka taho. Haulatu tana gaba da yaron a baya, ko da yake ya wuce goyo. Jafaru yana biye, bakin ya farfaɗo. Ya ce za a ɗaukaka ƙara. Ya ce zai je Damagaram da kansa ya nemo nas ɗin, ko mijinta zai kore shi da sanda. Ya ce in ta kama ya sayar da ɗaya keken, ya sayar, a yi tiyatar nan kafin lokaci ya ƙure.

Ta tsaya a inuwar wani kango, ta gyara goyo.

"Malam, lokacin ya wuce."

"Wa ya ce?"

"Likitar. Tun bara, da na kai shi gashi kana can kana zaryar kotu. Ta ce ko yau aka kawo kuɗin, aikin jijiya ya wuce shi. Sai dai in ya girma a ɗan gyara masa kafaɗa."

"Tun bara? Kika bar ni ina ta zarya? Kika tsaya gaban mutanen nan kika..."

"So nake in ji ka faɗa. Da bakinka, a gaban Baba, kamar yadda ka faɗi waccan."

"To, na faɗa."

"Ka faɗa," in ji ta. "Na ji."

Ta ci gaba da tafiya. Ya tsaya kaɗan, sa'an nan ya bi ta, yana duban hannun rigar da ke lilo a gefen zanenta.

Rabin Daura ta ji abin da Jafaru ya faɗa a kotu, an kuma yi mako ana maimaita shi a wajen mai shayi, musamman wurin da aka tambaye shi sana'arsa. Da shekara ta kewayo aka kai yaron makaranta. Malamin ya tambaye shi sunansa, ya ce Na'inna.